Harshe da hirar yau da kullum: tambayoyi da amsoshi

Ana magana da harsuna kimanin 7,000 a duniya, kuma da yawansu ba a cika rubuta su ba. Rubutu kansa bai wuce shekara 5,000 da 'yan kai ba, magana kuwa ta girme shi nesa ba kusa ba. A cikin hira harshe ke rayuwa, wani ya faɗa wani ya amsa, kuma aiki ne na haɗin gwiwa da mutum ɗaya ba ya iya yin sa shi kaɗai.

Gaisuwa da ɗan taɗin da ba su ƙunshi wani labari ba, ɓata lokaci ne?

Ko kaɗan. Wanda ya ce maka "yau ana zafi" ya san kai ma kana jin zafin. Abin da yake nema shi ne ya ji yadda za ka amsa. Daga amsar zai gane ko kana cikin walwala, ko kana sauri, ko ranka a ɓace yake, sannan ya san ko ya kawo maganar da ke tafe da shi ko ya dakata. Masanin al'ummomi Bronislaw Malinowski ya yi bayani a 1923 cewa aikin irin wannan zance shi ne ƙulla mutane da juna. Shi ya sa wanda ya tsallake shi ya faɗa kai tsaye cikin buƙatarsa yakan tarar da fuska a murtuke, ko da buƙatar ƙarama ce.

Wata maganar kuma ita kanta aiki ce. Idan mutum ya ce "na yafe", yafiyar ta auku ke nan. Haka alkawari, da rantsuwa, da murabus, da hukuncin alƙali. J. L. Austin na Jami'ar Oksfod ya faɗaɗa wannan batu a aikinsa da aka buga a 1962. Irin wannan magana tana da sharuɗɗa: wanda ya cancanta ne zai faɗe ta, a gaban wanda ya dace, a lokacin da ya dace. Ban haƙurin da aka cika shi da "amma ai kai ma" ya karya sharaɗinsa, kuma wanda aka ba yana ji a jikinsa cewa ba a ba shi komai ba.

Ta yaya mutane ke karɓar magana daga bakin juna ba tare da karo ba?

Wannan na daga cikin abubuwan mamaki na ɗan Adam, ga shi kuma kowa na yin sa bai sani ba. A 1974 Harvey Sacks da Emanuel Schegloff da Gail Jefferson suka fito da tsarin karɓa-karɓar magana daga hirarrakin da aka naɗa: mutum ɗaya ke magana a lokaci ɗaya, kuma duk inda jimla ta kai gaɓa, ko dai mai magana ya miƙa wa wani, ko wani ya karɓa da kansa, ko mai maganar ya zarce. A 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta suka auna tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a harsuna goma. Matsakaiciyar tazarar ta kama kusan milisakan 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Masu Japananci suka fi sauri, 'yan Denmak suka fi jinkiri, amma bambancin da ke tsakaninsu bai kai rabin sakan ba.

Ga inda abin yake: ƙwaƙwalwa na buƙatar kusan milisakan 600 kafin ta shirya kalma guda ta fito da ita. Ke nan mai sauraro ba ya jiran a gama. Tun magana na tsakiya ya hango inda ta dosa, ya fara ƙera amsarsa, ya riƙe ta a baki yana jiran alama. Alamun su ne cikar jimla, da sauyin murya a ƙarshe, da jan gaɓar ƙarshe, da ɗago ido a kalle shi, da saukar hannun da ake nuni da shi.

Da yake tazarar ƙanƙanuwa ce, duk abin da ya taɓa ta sai an fassara shi. Ka roƙi wani alfarma, ya yi shiru na sakan ɗaya, kafin ya buɗe baki ka riga ka san "a'a" ce ke tafe, sai ka ji kanka kana cewa "ko da yake idan ba hali ba komai". A kiran waya ko na bidiyo, idan layi na jinkirta murya da rabin sakan, sai ku riƙa fara magana tare, ku yi shiru tare, kowa na ganin ɗan'uwansa na katse shi ko yana masa sanyin jiki, alhali laifin layi ne. Maganinsa shi ne a miƙa magana a fili: ka ƙare da tambaya, ko ka kira sunan wanda kake so ya karɓa.

Yawan mutane ma na da tasiri. Robin Dunbar ya lura cewa hirar da kowa ke sa baki a cikinta ba ta cika wuce mutum huɗu ba. Da an haura haka, ko ta rabu biyu, ko ta koma jawabin mutum ɗaya.

Me ya sa ake yawan rashin fahimtar juna, kuma yaya ake gyarawa?

Domin ba a faɗin komai da komai. Wanda ya ce "ƙofar a buɗe take" wataƙila so yake a rufe, wataƙila shigo yake nufi. Mai sauraro ne ke cike giɓin da abin da ya sani, kuma wani lokaci ya cike da abin da ba shi ba. Sai dai hira na tafe da kayan gyaranta. Binciken da Mark Dingemanse da abokan aikinsa suka buga a 2015 kan harsuna goma sha biyu ya nuna ana neman ƙarin bayani kusan sau ɗaya a duk minti ɗaya da rabi.

Hanyoyin neman gyara uku ne, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai buɗaɗɗiya: "Iye?" ko "Me ka ce?", wadda ke tilasta wa mai magana ya maimaita duka. Akwai mai nuna wurin matsala: "Wa ka ce ya zo?" Akwai kuma wadda ke kawo fahimtarka a tabbatar maka: "Wato ranar Talata kake nufi?" Ta ukun ta fi sauƙi ga kowa, domin "e" ko "a'a" ta wadatar. A duk maganar da ta shafi lokaci, ko adadi, ko magani, ko wurin haɗuwa, ita ya kamata a yi amfani da ita. Shi kuma mai ba da umarni ya daina tambayar "ka gane?", domin kusan kowa "e" zai ce. Ya ce, "Maimaita mini yadda za ka yi."

Harkar sufurin jiragen sama ta koyi wannan da tsada. A ranar 27 ga Maris 1977 jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a titin tashi a tsibirin Tenerif na ƙasar Sifaniya, mutum 583 suka rasu. Akwai hazo, akwai kalaman da ke ɗaukar ma'ana biyu tsakanin matuƙa da hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage, sannan saƙonni biyu suka hau kan juna a rediyo har gargaɗin da ya kamata a ji ya ɓace. Bayan hatsarin aka ƙara tsaurara ƙa'idojin magana, har kalmar da ke nufin tashi aka keɓe ta ga lokacin ba da izinin tashi ko soke shi kawai.

Mene ne ainihin iya sauraro?

Akasarinsa jira ne. A shekarun 1970 Mary Budd Rowe ta gano malaman makaranta kan jira kimanin sakan ɗaya bayan sun yi tambaya. Da aka horar da su suka riƙa jiran sakan uku, amsoshin ɗalibai suka ƙara tsawo, waɗanda ba su saba ɗaga hannu ba suka fara magana. A 1984 wani bincike a Amurka ya nuna likitoci na katse marasa lafiya bayan kimanin sakan 18 da fara bayani, kuma sau da yawa abin da ya fi damun majiyyaci ba shi yake fara faɗa ba.

Sauraro kuma ba zama gum ba ne. Gyaɗa kai da "to", da "haka ne", da "sai me ya faru?" su ke riƙe da mai ba da labari. Ka janye su, za ka ga labarinsa ya fara tangal-tangal, ya maimaita kansa, ya ƙare babu armashi.

Yaushe yaro ke fara koyon harshe?

Tun yana ciki. A watanni ukun ƙarshe na juna biyu ɗan tayi na jin sauti, kuma jariri sabon haihuwa na bambanta muryar mahaifiyarsa da ta wata mace. Janet Werker da Richard Tees sun nuna a 1984 cewa jariri ɗan wata shida zuwa takwas na iya bambance sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, amma zuwa wata goma ko goma sha biyu kunnensa ya karkata ga harshen da ake yi a kusa da shi.

Yara sun bambanta, amma ga abin da aka fi gani. Wata biyu zuwa uku, murmushi da 'yan sautuka. Wata shida zuwa tara, gwaranci irin "ba-ba-ba". Wajen shekara ɗaya, nuni da yatsa da kalmar farko. Wajen shekara biyu, kalmomi kimanin hamsin da haɗa biyu, kamar "ba ni" ko "Mama tafi". A shekara uku ya kamata na gida su fahimci yawancin abin da yake faɗa.

A kai yaro a duba shi idan bai yi gwaranci ko nuni ba a shekara ɗaya, ko babu kalma ko ɗaya a wata goma sha shida zuwa sha takwas, ko ba ya haɗa kalma biyu a shekara biyu, ko kuma ya daina faɗin abin da a da yake faɗa. Abin farko da za a gwada shi ne ji. Ruwan da ke taruwa a bayan dodon kunne bayan mura na dusashe sauti tsawon watanni, yaro ba ya kukan ciwo, iyaye na cewa taurin kai ne. "Zai yi magana idan lokacinsa ya yi" kan zama gaskiya ga wasu yaran, amma gwajin ji ba ya cutar da kowa, jinkiri kuwa na cinye shekarun da ba sa dawowa.

Yawan kalmomin da yaro ke ji ne ke gina shi?

Yawa na da amfani, amma mayar masa da magana ya fi. A 2018 masu bincike a jami'o'in MIT da Harbad na Amurka suka naɗi maganar gidajen yara 'yan shekara huɗu zuwa shida, suka tarar yawan karɓa-karɓa tsakanin yaro da babba ya fi yawan kalmomin da aka zuba masa alaƙa da ƙwarewarsa da kuma aikin sashen magana na ƙwaƙwalwarsa. Yadda ake yi ba wuya: ku bi abin da idonsa ke kai, ku faɗi sunansa, ku yi shiru ku jira shi, sannan ku ɗora kalma ɗaya ko biyu a kan abin da ya ce. Ya ce "mota", ku ce "e, jar mota ta wuce". Idan ya yi kuskure, ku maimaita daidai ku wuce, kada ku tsare shi sai ya gyara.

Allon waya ko talabijin ba ya yin wannan aiki. A 2003 Patricia Kuhl ta sa jarirai Amurkawa 'yan wata tara suka yi zama goma sha biyu da masu Sinanci. Waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun koyi bambance sautukan harshen, waɗanda aka nuna wa darasin a bidiyo ba su koyi komai ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Wayar da ke hannun uwa ko uba ma na yin ɓarna, domin takan yanke hirar daidai lokacin da yaro ya miƙo tasa.

Harshe biyu na rikita yaro?

A'a. Yara masu harshe biyu na kai matakan da muka lissafa a lokaci ɗaya da sauran, muddin aka haɗa kalmomin harsunan biyu wajen ƙirga. Gauraya su a jimla ɗaya ba ruɗewa ba ce, manya ma na yi. Ko yaron da ke da jinkirin magana ba a ba da shawarar a raba shi da harshen gida. Kowa ya yi masa magana da harshen da ya fi sakewa a cikinsa.

Maganar hannu ta kurame cikakken harshe ce?

Cikakke, da nahawunsa da karin maganarsa da barkwancinsa, kuma ba guda ɗaya ba ce a duniya: ta Amurka daban, ta Birtaniya daban. William Stokoe ne ya nuna tsarin ta Amurka a 1960. A Nikaragwa, da aka tara yara kurame a makarantu a babban birnin ƙasar daga ƙarshen shekarun 1970, su da kansu suka ƙirƙiro sabon harshe a filin wasa da cikin motar makaranta, na bayansu suka ƙara masa ƙa'idoji.

Fiye da kashi 90 cikin ɗari na yara kurame iyayensu masu ji ne. Haɗarin da ke kansu shi ne su shafe shekarun farko ba su da harshe ko ɗaya. Don haka a fara maganar hannu da wuri, dukan gidan su koya, ko da ana shirin sa na'urar ƙara ji.

Yaya za a yi da mai in'ina?

Kimanin yara biyar cikin ɗari kan yi in'ina, yawanci tsakanin shekara biyu da biyar, kuma akasarinsu takan wuce. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari ke girma da ita, maza sun fi yawa, kuma gado na da hannu. Tsoro ba shi ke haifar da ita ba, amma yana ƙara ta. Kada a ƙarasa masa kalma, kada a ce "nutsu" ko "ja numfashi", kada a kau da ido. Ka rage saurin taka maganar, ka amsa abin da ya faɗa. Idan ta wuce wata shida, ko yaro ya fara matse fuska yana gudun magana, a nemi masanin gyaran magana.

Gaskiya ne mata sun fi maza surutu?

Binciken da Matthias Mehl ya buga a 2007, wanda ya naɗi ɗaliban jami'a kusan 400 a Amurka da Meziko, ya samu maza da mata duka a wajen kalmomi 16,000 a rana. Bambancin da ke tsakanin mutum da mutum ya fi na jinsi girma ƙwarai.

Me ya sa rubutaccen saƙo ke saurin jawo faɗa?

Ya rasa murya da fuska, ya kuma rasa gyaran nan take. "To" da aka faɗa da baki na iya zama yarda, ko gajiya, ko barazana, kuma kunne na rarrabewa. A rubuce kuwa mai karatu ne ke sa mata muryar da ke ransa a lokacin. Shi marubucin yana jin muryarsa a kansa sa'ad da yake rubutawa, sai ya ɗauka ta tafi tare da saƙon. Ga kuma jinkirin amsa, wanda aka saba fassara shi da ƙi. Adireshi, lokaci da lissafi a rubuta su. Ƙorafi, ban haƙuri da mummunan labari a yi su da baki. Idan an yi musayar saƙo uku zafi na ƙaruwa, a ajiye rubutu a kira.

Rashin abokin hira na taɓa lafiya?

Yana taɓawa. A 2010 Julianne Holt-Lunstad ta tattara bincike 148 da suka ƙunshi mutum fiye da 300,000, ta samu cewa masu ƙarfin hulɗa da jama'a sun fi marasa ita damar tsawon rai da kusan kashi 50 cikin ɗari. Tsofaffi abin ya fi shafa, kuma sau da yawa ta kunne yake shigowa. Mutum ya gaji da cewa "iye?", a gaji da maimaita masa, sai ya koma gefe ya yi shiru, a ce ya zama miskili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 430 ke da raunin jin da ke buƙatar kulawa, kuma kwamitin mujallar likitanci ta Lancet na 2020 ya sa raunin ji cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin cutar mantuwa waɗanda ake iya magancewa. Mai magana da irin wannan mutum ya fuskance shi a wuri mai haske, ya kashe rediyo ko talabijin, ya sassauta sauri. Ihu na murɗe sauti. Idan bai ji ba sau biyu, a sauya kalmomin. Kalmar da ta fi yi masa ciwo ita ce "bar shi kawai".

Idan magana ta ɗauke wa mutum farat ɗaya fa?

A ɗauke shi a matsayin shanyewar ɓarin jiki har sai likita ya ce ba ita ba ce, musamman idan baki ya karkace ko hannu ɗaya ya saki. A lura da lokacin da abin ya fara, a garzaya asibiti, kada a ba shi ruwa ko abinci domin haɗiya na iya samun matsala. Allurar narkar da gudan jini na aiki ne a cikin kimanin awa huɗu da rabi.

Ga yawancin mutane ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ke riƙe da harshe. A 1861 likitan Faransa Paul Broca ya bayyana majiyyacin da ke fahimtar magana amma gaɓa ɗaya tak yake iya furtawa. A 1874 Carl Wernicke na Jamus ya bayyana akasin haka: magana na zuba amma ma'ana ta watse, fahimta kuma ta yi rauni. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki na samun irin wannan matsala. Hankalinsu na nan, don haka kada a yi musu maganar yara, kada kuma a yi zancensu a gabansu kamar ba sa wurin. Gajerun jimloli, batu ɗaya a lokaci ɗaya, tambayar "e" ko "a'a", takarda da biro, da haƙurin jira.

Yaya harshe ke mutuwa, kuma ana iya ceto shi?

UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ƙiyasta aƙalla kashi 40 cikin ɗari na harsunan duniya na cikin haɗari. Yawanci a zuri'a uku abin ke faruwa: kakanni na magana da shi, iyaye na ji amma da wani harshen suke amsawa, jikoki ba sa ji. Yawan masu harshe ba shi ne ma'auni ba, abin dubawa shi ne ko yara na yin sa a tsakaninsu. Ƙamus da naɗar murya na adana shi, amma ba sa mayar da shi bakin yara. Mutanen Mawori na Niyu Zilan sun gane haka, a 1982 suka fara buɗe gidajen renon da dattawa ke wuni da ƙananan yara ba a jin komai sai harshensu, kuma al'ummomi da dama, ciki har da na Hawayi, sun kwaikwayi tsarin.

A cikin gida, a ware lokutan da ba a sauya harshe, kamar lokacin cin abinci da na kwanciya. Idan yaro ya amsa da wani harshe, a ci gaba da na gida ba tare da faɗa ba. A nema masa sa'o'insa masu harshen, domin yaro ya fi kwaikwayon abokan wasansa. Kuma a hana manya yi masa dariya idan ya karya kalma, domin yara da yawa daga ranar da aka yi musu ita suke rufe baki.